Matar da ta Sauko da Lantana daga Gadon Wuta

Tun rana ba ta gama fitowa ba ake jin ƙarar tsintsiya a ɗan asibitin sha-ka-tafi na Ikara. Masu wucewa gona sun san Malama Matta ce, don ba ta yarda kowa ya share mata wuri. Ta ce sharar mutane ba ta kaiwa kusurwa. In ta gama sai ta hura wuta a bayan ɗaki, ta ɗora tukunyar ruwa, ta jera ƙore a gindin bango. Baƙo ya gani sai ya zaci koko za ta dama. Ruwan ɗumi ne kawai, na tsofaffin da za su iso suna dogara sanda, wannan ya tsoma hannu a ƙwarya, wancan ya ɗora tsumma a gwiwa, ita kuwa tana bi a kansu tana faɗa.

"Baba Uwaisu, miƙe ƙafar nan. Cewa na yi ka miƙe ta, ban ce ka nuna mini ita ba."

Haka take yi tun zamanin Turawa. Aka zo aka sami mulkin kai, aka sauke tuta aka ɗaga wata, tukunyarta ba ta fasa tafasa ba. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban ji an ce za a tara mutane a yi mata jawabi ba, kuma na san ko an tara ba za ta zauna ba. Shi ya sa na ga gara a faɗi abin da ta yi tun tana da kunnen ji.

'Yar garin Saulawa ce, Bahaushiya Kirista. Ta koyi aiki a wani asibitin mishan a wajen Zariya, tana wanke miki, tana juya majinyata. Ba likita ba ce, in ka kira ta haka ma sai ta harare ka. Gajera ce, mai kaurin murya, kuma Allah bai ba ta lallashi ba. Mai neman a yi ta jera masa sannu gara ya wuce wajen kakarsa. A can asibitin ne aka taɓa kawo wata mata a kan amalanke, gwiwoyinta sun naɗe sun ƙi miƙewa. Likita ya duba ya ce ba ciwon kaɗai ya yi mata haka ba, kwanciyar da aka tilasta mata ce ta ƙarasa ta, kuma an makara. Matta ce ta yi jinyarta har aka mayar da ita gida a kan amalanken da ya kawo ta. Ba ta taɓa mantawa ba.

Mu a nan, in gaɓa ta kumbura, kowa malami ne. Manoman rake na Kudan da Makarfi za su rantse maka ruwan fadama ne ya shiga ƙashi. Wata tsohuwa ta ce an yi jifa ne, ko an taka abin da aka binne a hanya. Wanda ya fi kowa sauƙin kai ya ce tsufa ne, a haƙura a kwanta. Matta kuwa ta shekara da shekaru tana maimaita abu ɗaya har muryarta ta dushe: amosanin gaɓɓai ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gajiyar gaɓa, wanda ke kama gwiwar da ta daɗe tana noma da ɗaukar kaya. Akwai kuma wanda jiki ne da kansa ke hura wa gaɓɓansa wuta, ba ruwansa da shekaru, yana kama budurwa yana kama magidanci, ya fi son yatsu da wuyan hannu, hagu da dama tare, da safe mutum ya tashi a sandare. Sanyi yana iya sa a ƙara jin zafinsa, amma ba shi ya kawo shi ba. Ba a ɗaukarsa a ƙwaryar abinci, ba a turo shi daga wani gari. In kuwa gaɓa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi rau da zazzaɓi, wannan ba ta ko tsayawa gaisuwa, mota take nema a wuce Zariya.

Ba a son jin wannan. Mutum ya taho daga nesa allura yake so, ita kuwa ta ba shi ƙwayar asfirin ta ce ya sha bayan ya ci abinci, ya kuma riƙa motsa wurin. Da yawa sun fita suna gunaguni. Ashafa wanzami, wanda a da ba shi da na biyu wajen sakiya, wato huda kumburi da ƙarfe mai zafi, ya sha fama da ita. Duk ranar kasuwa sai ta je inuwar da yake aski ta tsaya a kansa, tana gaya masa abin da ke biyo baya in an huda gwiwa ƙazanta ta shiga. Shi da bakinsa ya ce mini:

"Wallahi ban taɓa ganin mace mai kafiya irinta ba. Ina aski tana magana, ina ƙaho tana magana. Da na gaji na ce, Malama, ɗauki gwiwoyin, ki bar mini kawunan. Yanzu duk mai kumburi wajenta nake turawa, in huta."

Amma in ana son a san ko wace ce Matta, labarin Lantana za a ji.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba abin ya faru. Lantana 'yar wani ƙauye ce a wajen Janfalan, tana aure a Kudan. Mijinta Sama'ila manomin rake ne, yana kuma dafa mazarƙwaila. Da ta yi haihuwar fari aka kawo ta gida wanka, kamar yadda ake yi. Uwarta, Fatsuma, ba ta yi wasa ba: ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa, ga gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa mai jego ta kwanta ta gasu. Aka yi arba'in lafiya, aka mayar da ita ɗakinta da yaronta Sada.

Can bayan 'yan makonni yatsunta suka fara. Da safe ta kasa dunƙule hannu. Wuyan hannu ya kumbura, gwiwoyi suka biyo baya. Wata rana ta goya yaron, ta kasa ƙulle majanyi da kyau, ya zame mata a tsakar gida, Allah ya sa akwai wadda ta tare shi. Nan dangin miji suka yanke hukunci: sanyi ne ya shige ta, ba a gasa ta sosai ba, uwarta ta yi rowar itace. Suka ɗauko ta suka mayar Janfalan, suka ce a ƙarasa mata wanka.

Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A ce uwa ta ha'inci 'yarta a wankan jego, gara a zage ta a tsakiyar kasuwa. Fatsuma ta miƙe. Ta ɗauki gatari. Ta mayar da Lantana kan gadon wuta, ta saki asabari a ƙofa, ta hana ta saukowa, ta hana ta taɓa ko ludayi. Yaron aka ba wata gwaggonsa goyo, ba a kawo shi sai in zai sha nono. Tun kaka ake abu ɗaya har aka fara jin ƙamshin bazara.

Wata mai tallar daddawa ce ta tsegunta wa Matta. Washegari Matta ta rufe ɗakin magani bayan ta sallami masu magani, ta kama hanya a ƙasa.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mai jiki. Fatsuma ta kawo ruwa. Sannan ta ce, "Malama, in allura kika kawo, bismillah. In kuwa cewa za ki yi a sauko da ita, kin sha tafiyar banza."

"Yaya Fatsuma, bari in gan ta tukuna."

Ɗakin kamar tanda. Lantana na kwance a gefe ɗaya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye a ƙirji. Matta ta kama ƙafa ta ja a hankali, ta zo rabi ta tsaya. Ta buɗe yatsun, suka koma. Ta taɓa ganin wannan kwanciyar, ta kuma san inda take ƙarewa. In aka ƙara wata damina a haka, hannayen nan sun tafi ke nan.

Ta sunkuya ta ce, "'Yata, me ya fi damunki?"

Lantana ta dubi ƙofa. Yaron nata ɗan fari ne, kunya ba ta barin uwa ta kama sunansa, balle ta nuna tana marmarinsa a gaban manya. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, ina jin kukansa a bayan wata. Har zai yi wayo bai san bayana ba."

"Za ki goya shi," in ji Matta. Ta faɗa ne kawai, a lokacin ba ta san ta yadda za a yi ba.

Ta fito ta yi wa Fatsuma bayani dalla-dalla. Ta ce irin wannan ciwo yakan taso wa mace bayan haihuwa ko an yi wanka ko ba a yi ba. Ta ce gaɓa in ba ta motsi daskarewa take yi. Fatsuma na ta tura itace a wuta kamar ba da ita ake ba. Da Matta ta gama, Fatsuma ta ce, "Sun ce ban gasa ta ba. To, zan gasa ta har su zo da ƙafarsu su ce ya isa."

Matta ta koma, ta sake komawa, amsar ba ta canja ba. Wata ranar ma ko ruwa ba a ba ta ba. A hanyar dawowa ne, tana tafe tana faɗa ita kaɗai kamar yadda ta saba, ta gane ashe ba da ciwon 'yar take kokawa ba, da kunyar uwar take yi. Fatsuma ba muguwa ba ce. Lantana ita ma 'yar fari ce a wurinta, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Itacen nan da take sarowa har tafin hannunta ya fashe, shi ne kaɗai yadda za ta ce tana sonta. Muddin zargin yana kanta ba za ta kashe wutar ba, kuma magana ba za ta sauke mata shi ba. Sai an nuna mata abin da ido zai gani.

Sai ta tuna da Tukur, wani tela a Makarfi, magidanci ne da bai tsufa ba, wanda ta daɗe tana ba magani. Ranar kasuwa ta hau motar 'yan rake ta same shi a bakin kekensa.

Da ya ji abin da take so ya ce, "Haba Malama! In bar aikina in je garin mutane in baje hannu kamar kayan talla? A yi mini dariya?"

"Za a yi," in ji ta. "Dariyar nake so."

Ya ce ba zai je ba. Ta jawo benci ta zauna a ƙofar shagon. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya gaishe ta, ita kuwa ta amsa ta ci gaba da kallon Tukur. Kafin kasuwa ta watse ya ce, "Na ji, na ji. Wace rana ce?"

Ta kuma aika Kudan aka gaya wa Sama'ila ya zo duba matarsa ran nan.

A zauren gidan aka haɗu, da hantsi. Sama'ila ya zo da mazarƙwaila a ƙunshe, yana ta sunkuyar da kai don surukarsa. Fatsuma ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Matta ta ce wa Tukur ya miƙo hannayensa.

"Yaya Fatsuma, matso ki duba."

Ta matso. Gaɓɓan yatsun a kumbure, sun karkata gefe, wuyan hannu ya yi kauri, hagu da dama.

"Kin taɓa ganin irinsu?"

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Irin na yarinyar nan ne. Sak."

"Kai fa, Sama'ila?"

"Su ne, Malama."

Matta ta juya ta ce, "To, Malam Tukur, gaya mana tsakaninka da Allah. Wa ta yi maka wankan jego ta yi rowar itace?"

Tukur ya gyara hula. Ya ce, "Wallahi Malama ban taɓa haihuwa ba. Mai ɗakina ce ke yi, ita kuwa lafiyarta lau, ko jiya ita ta yi daka."

Dariya ta ƙwace wa Sama'ila. Wasu mata da ke laɓe a bayan zana suka fashe su ma. Sai ya katse dariyar, don ya dubi surukarsa ya ga ba ta yi ba. Ya sauko daga kan tabarma ya durƙusa. Ya ce, "Inna, mun ɗauki alhakinki. A yafe mana. Zan je in faɗa a gida, kowa ya ji."

Fatsuma ta zame ta zauna a ƙasa, a zaure, a gaban surukinta da baƙo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba a taɓa ganin kukanta ba sai ran nan. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Tukur, da ya rasa inda zai sa idonsa, ya zaro allura daga hularsa ya zura zare, ya kama wani wuri da ya farke a rigar Sama'ila ya fara ɗinkewa. A hankali yake yi, yatsun na karkace, amma ɗinkin na tafiya. Fatsuma ta leƙo ta gefen mayafi tana kallo. Da ya ƙulle zaren ta tashi ta shiga gida, aka ji tana zuba ruwa a wutar.

Kada wani ya zaci daga nan aka sami sauƙi. Ranar da aka fara sauko da Lantana, ihunta har maƙwabta. Ta tambayi Matta, "Malama, zai warke?"

"A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba mu da maganin da zai raba ki da shi. Zai riƙa tashi yana kwanciya. Amma shi daban, naƙasa daban. Wannan ta biyun ce ba zan bar miki ba."

Lantana ta yi kuka, ta juya wa Matta baya, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta. Matta ba ta fasa zuwa ba. Ta tsara musu abin yi da abin da ke cikin gidan. Da safe a tsoma hannu a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, har yatsu su saki. A sha ƙwaya bayan an ci tuwo. Sannan a ba ta dawo ta mulmula, in ya yi mata sauƙi a ba ta gyaɗa ta ɓare. Ta dafa bango ta je bakin rumbu ta dawo. In za ta kwanta a ɗaura mata kara a wuyan hannu da tsumma don kada ya kwana a lanƙwashe. Ranar da ciwon ya taso da ƙarfi a bar ta ta huta, amma ko a kwance a miƙe mata kowace gaɓa. Fatsuma, da ta ga inda za ta zuba ƙarfinta, ta fi Matta tsanani. Furar gidan ta yi ta fitowa a karkace, ba wanda ya isa ya yi magana.

Damina ta sauka, rafi ya cika, Matta ta riƙa tattare zane tana tsallakawa. Gwiwoyin suka miƙe. Yatsu biyu na hagu kam sun riga sun tafi, ba su dawo ba, kuma har yau in an ambace su sai ran Matta ya ɓaci, ta ce da ta ji labari da wuri.

Ana cikin girbi wata rana ta iso ta tarar da Lantana a tsakar gida da majanyi a hannu. Sada ya riga ya fara tafiya, ya yi nauyi, ba ya ma son goyo, ƙasa yake so. Gwaggonsa ta ɗora mata shi a baya. Lantana ta sunkuya, ta jawo zane, ta kamo bakin majanyin biyu. Suka kuɓuce. Ta sake kamowa. Yaron na zillo, gumi na zuba. Fatsuma ta yunƙura za ta taimaka, Matta ta riƙe mata hannu gam. Lantana ta sa haƙori ta ja gefe ɗaya, ta tura ɗayan da tafin hannu, ƙullin ya kama. Ta miƙe tsaye. Yaron ya yi ɗan kukansa, sannan ya kwantar da kai a tsakanin kafaɗunta ya yi lamo. Ta zaga gidan da shi, ta sake zagawa, ba wanda ya tuna mata da kunyar ɗan fari.

Matta ta juya ta fuskanci bango, wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Lantana tana Kudan yanzu. Ciwon na nan, akwai safiyar da sai an kama ta take tashi. Amma ita ke tuƙa tuwonta, kuma ƙannen Sada duk a bayanta suka girma.

Malama Matta, ke ce kika ƙi yi mana ƙarya lokacin da ƙarya ta fi daɗin ji. Ke ce aka hana ruwan sha kika koma washegari. Ba ki warkar da kowa daga wannan ciwo ba, kin kuma faɗa da bakinki, amma tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan akwai hannaye masu yawa da ke riƙe da fartanya da muciya yau saboda taurin kanki. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, in dai kin iya hutun.

Mu kuma da za ta bari, aiki ya dawo kanmu. In gaɓar wani ta kumbura a gidanku, kada a tsaya neman wanda ya jawo, kada a kira mai ƙarfe, a kai shi a duba. In kuma kun san wani ɗaki da aka saki asabari aka kwantar da mutum wai don ana sonsa, kada ku jira mai tallar daddawa ta kai labari. Ku ɗaga asabarin ku shiga, tun yatsun suna buɗuwa.